Abin Da Ya Hana Laftof Ɗin Zaituna Tashi

Shafi na 23

Ku da kuka hana ni sakat da saƙonni, ga shi nan na kawo. Ke kuma da kika rubuto kina cewa na ɗora wa Abdullatif karan tsana, karanta wannan shafin tukuna, sannan ki dawo mu yi ta.

*

Ƙafa Abdullatif ya sa ya doki ƙofar shagon gyaran kwamfuta, ƙarfen ya yi ƙara har masu shan shayi a tsallaken titi suka waiwayo.

"Ina ɓarawon yake? Ya fito!"

"Yaya, don Allah ka bari ya iso," in ji ƙanwarshi Zaituna, tana rungume da jakar laftof a ƙirji. "Ya ce yana hanya. Yau Lahadi, yana coci."

"Ko yana ina, yau sai ya fito."

Idanunta sun yi jawur, sun kumbura. Gobe Litinin da safe za ta tsaya gaban malamai ta kare furojet ɗinta na gama jami'a, kuma babi na huɗu da na biyar, duk abin da ta sha rana tana tattarowa wajen manoman Birchi da Wurma, yana cikin laftof ɗin nan. Shi kuwa laftof tun jiya da ta dawo daga gida ya ƙi tashi. In ta danna sai 'yar fitila ta kawo, fanka ta juya, tambari ya leƙo a sikirin, sai ɗif. Ya sake kawo kanshi, ya sake mutuwa. Shugaban sashe kuma ya faɗa da bakinshi, duk wanda bai kare gobe ba sai baɗi.

Tana da kwafi a filash, amma ta manto shi a ɗakin Inna can Wurma. Wayar Inna kuwa ba ta shiga sai in ta hau ɗan tudun bayan makarantar allo, nan kaɗai sabis ke leƙowa. Tun asuba take kira, shiru. Shi ya sa ta kira Abdullatif tana kuka, ya rufe shagonshi na taki a Kurfi ya hau babur ya taho Dutsin-Ma a fusace, don ta faɗa mashi cewa satin da ya wuce Dennis mai gyara ya canza wa laftof ɗin batir.

Wani babur ya tsaya, Dennis ya sauko. Farar riga ce a jikinshi ta sha guga, ko gida bai biya ba.

"Malama Zaituna, lafiya? Kin yi ta kira ana tsakiyar addu'a, sai da na fito waje na..."

Bai rufe baki ba Abdullatif ya ci kwalarshi.

"Kai ne Dennis?"

"Ni ne. Sakar mani riga."

"Sai ka fito da abin da ka cire."

"Mi na cire?"

"Ka fi ni sani! Ku masu gyara wa bai san halinku ba? A kawo maku abu lafiya lau, ku zare mai kyau ku cusa ruɓaɓɓe, ya mutu a sake dawo maku. To yau ka taɓo wanda ya fi ƙarfinka."

"Malam, batir kaɗai na canza mata, kuma a gabanta na canza." Ya juya wajenta. "Malama, ƙarya nake?"

Zaituna ta kau da kai.

"Ai na fita na yi la'asar na bar ka da shi."

Dennis ya tsaya yana kallonta, baki buɗe.

"Au, haka ne?"

"To ni mi zan ce? Lafiya lau yake kafin ka taɓa shi."

"Bayan na taɓa shi ma ai lafiya lau yake! Ba kin yi aiki da shi har kika tafi gida ba?"

"Ni dai ban sani ba. Ni dai ka tada mani abuna!"

Ni kam wannan magana ta ƙona mani rai. Tun tana aji ɗaya Dennis ke yi mata gyara, ko caja ce ta lalace nan take kawowa, wani lokacin ma ya ce ta bar shi kawai. Amma yau da ta rasa inda za ta sauke haushinta, shi ta samu.

Kafin ka ce mi, mutane sun taru. 'Yan acaɓa sun kashe babura, ɗalibai masu wucewa sun ja sun tsaya, wasu har sun ciro waya.

"Wallahi ko ka fito da shi, ko ka kwana wajen 'yan sanda," Abdullatif ya ce yana jijjiga shi. "Kuma sai ka bar garin nan. Kun zo kun samu wuri kuna cutar mutane!"

Ya fizgi rigar, aljihun ya yage har ƙasa, maɓallai suka watse.

Dennis ya kalli rigar, ya ɗago.

"In bar garin nan in tafi ina? Nan aka yanke mani cibi. Nan aka binne babana. Kai da ka zo daga Kurfi yanzu-yanzu, kai ne za ka kore ni daga Dutsin-Ma?"

"Kai! Sake shi!"

Malam Lado ne, tela, mai shagon da ke manne da na Dennis. Dattijo ne, shi ne shugaban 'yan layin, ya fito da awo rataye a wuya.

"Na ce ka sake shi. Ɗan gidan wa kake da za ka zo layinmu kana cin kwalar mutane?"

"Baba, ɓarawo ne."

"Ka kama shi da hannunka?"

"Ban kama shi ba, amma..."

"To cire hannunka, kafin yaran layin nan su cire maka shi."

Abdullatif ya waiga, ya ga irin kallon da 'yan acaɓa ke mashi, ya saki yana huci.

Malam Lado ya ce, "Abu mai sauƙi. Ga abu ga mai gyara. A buɗe a gaban kowa. In an cire wani abu, ni da kaina zan raka ka wajen hukuma. In ba a cire ba, ka san abin da za ka faɗa mana."

"Ba zan taɓa shi ba," in ji Dennis. "Su kai wani wuri. Masu gyara sun ƙare ne a gari?"

Zaituna ta zabura.

"Yau Lahadi wa zan samu? Dennis, gobe ne fa! Gobe da safe!"

"Yanzu kika san sunana?"

"Dennis," Malam Lado ya kira shi a hankali. "Ba don su ba. Don sunanka. In suka tafi da shi haka, gobe duk garin nan cewa za a yi ka ji tsoron buɗewa."

Dennis ya yi tsaki. Ya ciro makulli ya buɗe shagon, ya kinkimo teburin aikinshi ya dire a bakin ƙofa, a fili.

"A waje zan buɗe. Kada in shiga ciki a ce na mayar da abin da na sata." Ya nuna Abdullatif da sukudireba. "Kai kuma matso nan. Ka zuba ido da kyau, tunda ka san kayan ciki."

Zaituna ta ciro laftof ɗin ta ajiye.

Dennis ya danna. Fitila ta kawo, fanka ta yi wani irin gurnani, tambari ya leƙo ya ɓace. Sai ƙara ta biyo baya, ƙit, ƙit, ƙit, ya mutu.

"Ka ji ko?" in ji Abdullatif. "Ka ji aikinka?"

Dennis bai kula shi ba. Ya cire batir ɗin ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Ga abin da na sa mata. Sabo ne, ga takardar jikinshi ko ɓarewa ba ta yi ba."

Ya danne maɓallin kunnawa ya riƙe, ya saki, ya jona caja kaɗai ba batir. Ya sake dannawa. Fitila, fanka, tambari, ɗif.

"Ba batir ba ne."

"Dama za ka ce shi ne?"

"Malam, in ka ƙara magana zan tashi."

Ya ɗora yatsu bisa kibod yana latsawa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tsaya. Ya sake latsa wani harafi, harafin ya shige ya ƙi dawowa, sai can ya taso a hankali.

"Malama, kin zuba mashi lemo?"

"Lemo? Ni mahaukaciya ce?"

"Shayi fa? Ko kunu?"

"Ko ruwa ba na sha kusa da shi! Ƙawayena har dariya suke mani. Kada ka soma neman inda za ka lafta mani laifi."

"Yana danƙo."

"Ƙarya kake!"

"To."

Ya kifa shi, ya fara kwance sukurori yana jera su a murfin gwangwani. Yana kan na ƙarshe wani ɗan kiyashi ya fito ta ramin iska, ya bi bayan hannunshi. Ya hure shi. Wani ya fito. Wani ya biyo shi.

Ya sa farce ya ɓamɓare murfin, ya ɗaga.

"Innalillahi!" wata ɗaliba ta ce, ta ja da baya.

Kiyashi ne, jama'a. Ba goma ba, ba ashirin ba, cikin laftof ɗin baƙi ƙirin da su, suna ta guje-guje, wasu sun bi teburin, wasu sun hau hannun Dennis yana kakkaɓewa. Da suka ɗan watse sai ga abin da suke ci. Wani baƙin abu ne ya bi ko'ina ya daskare, ya naɗe fanka, ya kwanta bisa koren allon ciki, wani wajen ya bushe, wani wajen yana nan da damshinshi yana ƙyalli.

Zaituna ta dafe kai.

"Mi ye wannan? Dennis, mi ye wannan?"

"Ni ma ban sani ba. Na ga lemo, na ga shayi, na ga miya a cikin laftof. Ban taɓa ganin wannan ba." Ya juya wajen Abdullatif. "Amma kafin nan, Malam, matso. Ga ma'ajiyar aikinta, ga fanka, ga komai a wurinshi. Nuna mani wanda na cire."

Abdullatif bai matso ba.

"Nuna mani mana! Ko kiyashin ma ni na zuba?"

Malam Lado ya gyara tabarau ya sunkuya. Ya dangwali baƙin abin da ɗan yatsa, ya murza, ya kai hanci. Ya sake shinshinawa. Sannan ya ɗan taɓa a harshe, ya tofar.

"Ikon Allah."

"Baba, mi ne ne?"

"Tawada ce."

"Tawada?"

"Tawadar allo. Ga ƙamshin ƙaro nan. Kuma an sa zuma, ita ta kira kiyashi." Ya miƙe yana goge yatsa a gefen riga. "Yarinya, rubutu aka zuba maki a ciki."

Hayaniya ta kaure. Wannan na cewa asiri ne, wancan na cewa hassada ce, wani ɗan acaɓa ya ce shi dama tun da ya ga kiyashin ya san ba lafiya ba.

Zaituna kuwa kamar an watsa mata fetur.

"Rubutu? A laftof ɗina? Wallahi na sani! Na san akwai masu baƙin cikin in gama! Mi na tsare masu? Mi na ci masu? Ni da ba na shiga harkar kowa!" Ta juya tana duban fuskokin ɗaliban da ke tsaye, kamar a cikinsu mai laifin yake. "A rasa abin da za a taɓa sai aikina? Kun san ranar da na sha? Kun san ƙauyukan da na taka da ƙafata?"

Wanda ya ba ni mamaki shi ne Abdullatif. Mutumin da tun isowarshi bakinshi bai huta ba, yanzu ya yi tsit. Zufa ta karyo mashi, ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Don shi ya san wata gora. Ranar Alhamis shi da kanshi ya je Rawayau wajen Malam ya karɓo ta, ya ɗauro ta a bayan babur ya kai wa Inna, ta ce na Zaituna ne saboda jarrabawa. Har da zumar shi ya saya.

"Dennis," Zaituna ta ce, murya ta dishe. "Zai tashi?"

"Yau? A'a."

"To ciro mani aikina kawai. Ka sa a wani laftof ɗin."

Ya kwance ma'ajiyar, wani ɗan abu siriri, ya juya shi a rana. Bakinshi duk ya yi baƙi, har wani kore-kore ya fara fitowa a jikin ƙarafunan.

"Kin gani? Ya shiga har nan. Kin yi ta kunna shi yana jiƙe, shi ya ƙara ɓata lamarin. In na jona shi yanzu zai iya ƙonewa gaba ɗaya. Sai na wanke da sifirit, na bar shi ya bushe sosai, sannan in gwada. Ba aikin yau ba ne, ba na gobe ba ne. Kuma ko an yi hakan ban yi maki alkawari ba."

"Gobe ne fa..."

"Na ji. Ba ki da kwafi?"

"Yana filash. Yana Wurma."

"To shi za ki nema. Shi kaɗai ya rage maki."

Ta tsaya tana kallon cikin laftof ɗin, kiyashi na ta fita abinsu. Hawaye suka zubo, ba ta share ba. Sai ta ɗaga hannu biyu sama.

"Allah ya isa!"

Abdullatif ya zabura. "Zaituna!"

"Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya yi mani wannan! Ban yafe ba!"

"Ke, rufe bakinki!"

"Ba zan rufe ba! Ban yafe ba duniya da lahira! Hannun da ya zuba abin nan, Allah ya..."

Ya kai hannu zai toshe mata baki, ta ture shi.

"Yaya, mi ke damunka? Ɗazu kai ne kake neman kashe bawan Allah a kan zargi. Yanzu da gaskiya ta fito kake cewa in yi shiru?"

"Ki janye maganar nan, na ce."

"Ba zan janye ba!"

"Zaituna, don girman Allah ki janye."

Dennis na tsaye da yagaggiyar riga, ya harɗe hannu yana kallonshi.

"Malam, ya na ga jikinka ya yi sanyi? Ina 'yan sandan? Ko ka san mai shi ne?"

Kowa ya juya ya kalli Abdullatif.

Daidai nan wayar Zaituna ta ɗauki ƙara. Ta duba, ta yi wani irin tsalle.

"Inna ce! Alhamdu lillahi, Inna ce!"

"Ba ni wayar," in ji Abdullatif da sauri. "Ba ni in yi mata magana."

Ta goce. Ta ɗauka, ta buɗe murya don hayaniya ta yi yawa, ta fashe da kuka.

"Inna! Inna, an cuce ni!"

"Subhanallahi! Ɗiyata, mi ya faru?" Muryar Inna Rekiya ta fito tana haki, da ji ka san yanzu ta hau tudun. "Ina hawa tudun yara suka duba wayar suka ce mani kina ta nemana."

"Laftof ɗina, Inna! Ya mutu! Wani azzalumi, wani mara tsoron Allah ya zuba mani rubutu a ciki, ya ƙone komai. Aikina duk ya tafi. Wallahi na yi mashi Allah ya isa a gaban jama'a, kuma ban yafe ba, ko waye, har gaban Allah sai mun tsaya!"

Shiru.

Abdullatif ya tsuguna a wurin ya riƙe kai.

"Inna? Kina jina? Ko sabis ne?"

"Ina jinki."

"Inna, kin ji abin da aka..."

"Rubutun ne ya kashe shi?"

"Shi ne! Ga shi nan an buɗe, duk ya cika da kiyashi."

"Kuma kika ce ba ki yafe ba."

"Wallahi ban yafe ba!"

 Can sai muryar ta dawo, ta yi ƙasa, babu haki a cikinta.

"To ni ce, Zaituna."



"Inna... mi kika ce?"

"Na ce ni ce. Malam ya ce a sha a shafa. Kin sha, kin shafa. Na tambaye ki, wanga karatu da za ki kare ina shike, kika nuna mani abin nan kika ce duk yana ciki. Na ce a raina, to ke kin sha, shi da ke ɗauke da karatun a bar shi haka?"

"Inna..."

"Jiya da safe da kika tafi gaida Gwaggonki Tani, na buɗe shi yadda na ga kina yi. Na yayyafa tsakanin haƙoran nan nashi da bismilla. Na ga yana shanyewa, na ce ashe yana so, na ƙara. Ramukan gefe ma na ɗura da cokali. Na goge saman tas da gefen zanena don kada ya ɓata maki hannu, na mayar maki cikin jaka."

Wani ɗan acaɓa ya fara dariya, Malam Lado ya watsa mashi harara, ya haɗiye ta.

Zaituna ta zube a bakin shagon.

"Inna, ban san ke ce ba. Wallahi ban sani ba. Na janye, Inna, na janye!"

"Ai kin riga kin faɗa. Jama'a sun ji, Allah ya ji."

"Inna, don Allah..."

"Ni ban yi boko ba, ɗiyata. Abin da na sani shi na yi maki. Da za ki shiga firamare na ba ki kin sha. Da za ki yi jarrabawar sakandare na jiƙa maki alƙalami a ciki, kika ci. Ban san wanga bai son albarka ba."

"Ba haka ba ne, Inna, ruwa ne ba ya so, ba..."

"Azzaluma. Mara tsoron Allah." Inna ta maimaita a hankali, kamar tana ɗanɗana kalmomin. "Yau ni Rekiya na ji da kunnena."

Abdullatif ya rarrafo ya kai baki kusa da wayar.

"Inna, ni ne. Ki yi haƙuri, ba ta sani ba, ruɗewa ce."

"Kana nan ashe? Kana tsaye ta faɗa?"

Ya sunkuyar da kai.

Ni dai a nan haushin kowa nake ji. Na Abdullatif da ya san gorar ya tsaya yana cire hula yana mayarwa maimakon ya ja ƙanwarshi gefe ya faɗa mata. Na Zaituna da bakinta ya riga hankalinta. Har ita Innar, Allah ya ba ta haƙuri, da ta tambaya kafin ta ɗauko cokali ai da ba a kai nan ba.

Dennis ne ya sunkuyo. Duk fushin da ke fuskarshi yana nan, amma ya yi ƙasa da murya.

"Malama, filash. Tambaye ta filash ɗin kafin sabis ya ɗauke."

Zaituna ta share fuska da mayafi, tana shessheka.

"Inna, ki yafe mani, zan zo har gida in durƙusa. Amma don Allah, akwai wani ɗan ƙaramin abu da na manta bisa tagarki, ja, kamar ɗan makulli. Shi kaɗai ya rage mani. Ki ba wani mai babur ya..."

"Na gan shi."

"Alhamdu lillahi! Yana ina?"

"Ai na ji kin ce shi ma da karatu a cikinshi."

Dennis ya runtse ido.

"Inna," Zaituna ta ce. "Yana ina?"

"Yana cikin kwanon, da ragowar rubutun. Tun jiya na jiƙa shi, na ce in ya sha sosai in aiko maki."

Wata ɗaliba ta ce wayyo. Malam Lado ya juya baya yana salati.

Dennis ya yi saurin ɗaga mata hannu, yana magana ƙasa-ƙasa da sauri.

"Tsaya, kada ki ruɗe. Filash ba kamar laftof ba ne, tunda ba a jona shi ba zai iya tashi. Ki ce ta tsamo shi kawai ta ajiye a inuwa. Kada ta yi mashi komai. Komai fa!"

Zaituna ta buɗe baki, amma Inna ta riga ta.

"Shi ma ruwan zai kashe shi ko? To bari in yi sauri. Na bar wuta a murhu, yanzu zan tsamo shi in tura shi cikin garwashi ya bushe tas kafin mai babur ya zo."

"A'a! Inna, a'a!"

"Bari in gyara abin da na ɓata. Kada shi ma ki ja mani Allah ya isa a kanshi."

"Mama, kada ki sa a wuta!" Dennis ya ƙwala da ƙarfi, har ya fizge wayar daga hannun Zaituna. "Mama! Wuta ce za ta kashe shi! Mama!"

Ƙit. Ta riga ta kashe.

Zaituna ta warce wayar ta sake kira. Muryar matar nan ta kamfani ta ce ba a samun lambar. Ta sake kira. Ba a samun lambar. Inna ta sauka daga tudun.

"Wa kike da lambarshi a Wurma?" Malam Lado ya tambaya. "Maƙwabci, mai shago, kowa!"

"Duk sai sun hau tudun, Baba! Duk garin sai sun hau tudun!"

Abdullatif ya ruga wajen babur ɗinshi, ya taka, ya ƙi tashi, ya sake takawa yana zagin babur ɗin. Ko ya tashi yanzu, tsakanin Dutsin-Ma da Wurma tafiya ce mai nisa, rabinta ma ba kwalta.

Daga tudun zuwa murhun Inna kuwa gida uku ne a tsakani. Kuma Zaituna ta san halin uwarta, in ranta ya ɓaci ba ta tsayawa gaisawa da kowa a hanya.